Rana ta fito ta bayana

'Yata ce ta jawo. Tana rarrafe na baro ta a Katsina, na zo hajji na maƙale, ba iƙama, wato takardar zama, sai dakon kayan alhazai a unguwar Aziziyya, nan Makka. Ba ta taɓa roƙona ko ɗankwali ba. Ran nan sai ta turo murya a waya, wai in ɗauko mata hoton rana tana fitowa daga teku.

Ni da ko Jidda ba na dosa saboda shingen 'yan sanda. Amma na ce mata an gama.

Maƙwabcina, haifaffen unguwar Jarwal, Hausarsa rabi Larabci ce, yana saro kifi a Shu'aiba, can bakin teku. Ya ce in kwanta a bayan mota tsakanin robobin ƙanƙara, in an kama ni bai san ni ba. Haka muka isa, ina ƙarnin kifi, haƙora na kaɗawa, ina ta dariya ni kaɗai kamar ango.

Muka yi asuba a kan yashi. Na miƙe na saita waya. Ruwa iya ganinka, ba mai ce maka matsa, ba mai tambayar takarda. Gari na wayewa, teku shiru. Can sai na ji ɗumi a ƙeyata. Na waiwaya, ga rana tana leƙowa ta kan duwatsu, ta wajen Makka.

Ɗan banzan ya sani tun a gida. Ya durƙusa yana tari don dariya.

"Ya shaikh, nan faɗuwa take yi. In fitowa kake so, sai ka haye Sudan."

Na zage shi son raina. Sannan na tattare jallabiya na shiga. Ban iya iyo ba, a rafin garinmu ma ɗan kallo ne ni. Ruwa ya kai gwiwa, ya wuce ƙugu, waya a sama. Da ya taɓa ƙirji na juya na fuskanci gabas. Ga ruwa a gabana ja kamar an ɓarar da manja, ga rana a samansa.

Na yi ta dannawa, igiyar ruwa na marina, ina shan gishiri ina ƙyaƙyata. Duk hotunan a karkace, motarsa mai tsatsa kuma ta zauna daram a tsakiya.

Ban fito ba sai da na tura. Ina matse riga amsarta ta shigo, muryar na rawa da dariya.

"Baba, wai ruwan nan har ina ya kawo maka?"

Na ce har wuya. Na ɗan ƙara.