Bangon da Ke Kallon Teku

Duk wanda ya ce maka mutanen Ulvesand ba su da fariya, ta mota ya shigo garin. Da ta ruwa ya zo, da ya ga gidaje farare tas sun jeru a gindin dutse. Zagaya bayansu kuwa, ja ne wur. Tun zamanin da kakanni ke loda katako da gangunan kifi a jiragen ruwa, farin fenti tsada gare shi, ja kuwa jar ƙasa ce da man kifi. Baƙo ta teku yake zuwa, saboda haka bangon teku kaɗai ake yi wa fari. Bayan gida ai na tumaki ne, su ba sa gulma.

Borghild a wannan al'ada ta tashi, a cikinta ta tsufa. Ta yi aikin gyaran kifi a masana'antar bakin tasha har aka rufe ta, ta aurar da 'ya'ya uku, kuma duk bazara ita ke hawa tsani ta shafe bangonta da kanta. Ba ta yarda da hannun kowa, balle na mijinta Eilif, wanda a cewarta rabin fentin a gemunsa yake ƙarewa.

Sai aka gina gada, jirgin fasinja ya daina zuwa. Baƙi suka koma shigowa ta titi, abin da ke fara tarbarsu kuwa shi ne jan bango, tarin itace da wandunan shanya. Tirƙashi! Gari ya wayi gari yana nuna wa duniya ƙeya.

Gunvor, shugabar ƙungiyar ƙawata gari, ta ɗauki abin da zafi. Gida gida ta bi har kowa ya shafe bayansa da fari, saura Borghild. Ta same ta a kicin tana soya wainar kifi.

"Yaya Borghild, gidanki kaɗai ya rage. Masu yawon buɗe ido har hotonsa suke ɗauka."

"To ai na yi suna ke nan. Zauna ki sha kofi."

"Ba wasa nake ba. Wa ke zuwa ta teku yanzu?"

"Mijina."

Gunvor ta yi dariya, amma gaskiya aka gaya mata. Idon Eilif ya daɗe yana mutuwa. Likita ya ce ba yanar ido ba ce balle a cire, tsufa ne ya ci ƙwayar. Duk da haka kullum da safe sai ya tayar da ɗan kwalekwalensa mai inji ya tafi kamun kifi. Bakin tashar duwatsu ne dama da hagu, kuma in ka saita hancin jirgi a kan farin bangon Borghild, ka wuce lafiya. Na'urar nuna hanya da ɗansu ya saya masa tana cikin akwati, don ba ya ganin rubutunta. Farin nan dai yana ganinsa, dishi-dishi. Da bakinsa ya yi wa Borghild alkawari, ranar da ya daina hango bangon, ya bar teku.

Ita kuwa gwiwarta bango ɗaya take iya ɗauka a shekara, ba biyu ba.

"Ke ba ki san Eilif ba," in ji Borghild. "In ya bar ruwa, nan zai tare mini yana koya mini dafa dankali. Gara ku yi ta jin kunyar baƙi."

Haka take faɗa a gaban mutane. A ranta tsoro ne fal, don ta san mutumin nan in aka raba shi da teku ba zai daɗe ba.

Bana iskar hunturu ta ci bangon har ya yi toka-toka. Ranar da rana ta fara fitowa sosai, Eilif na fita Borghild ta jingina tsani. Ta shafa, ta sauko ta zagi gwiwa, ta koma ta ƙara shafawa. Kafin azahar bango na ɗaukar ido, har Gunvor da ta zo wucewa sai da ta kare fuska da hannu.

"Wannan ai ko mutanen ƙasar Danmak, can tsallaken teku, sa gan shi!"

"Su gani mana, su yi baƙin ciki."

Ta wanke buroshi, ta ɗora kofi, ta sauka bakin tasha tana ɗingishi. Can sai ga jirgin maƙwabcinsu Halvard ya shigo a hankali, da igiya a bayansa, kwalekwalen Eilif na biye. Halvard ya ɗaure jirgin bai ko kalle ta ba, ya ce wai yana da aiki a gida.

Eilif ya hau matakala yana laluben ƙarfe.

"Inji ne ya mutu, tsoho?"

"Inji lafiyarsa lau. Na yi ta kewaya a waje ina nema, har Halvard ya same ni." Ya juyo da fuska wajen muryarta. "Borghild, kin shafa bangon nan kuwa?"

Ta ɗaga kai ta dubi bangon yana walƙiya a kan tudu.

"Ina fa! Gwiwa ta hana ni. Sai gobe."

"Na faɗa! Lalaci dai, ba wata gwiwa."

Ya miƙo hannu ta riƙe shi su hau tudu. Suna tafe yana murza yatsunta, ɓawon busasshen fenti yana zuba a tafinsa. Suka kai ƙofar gida, inda warin fentin ya cika ko'ina. Ya tsaya ya shaƙa.

"Goben," ya ce, "ki yi na bayan kawai. Gunvor ta huta."