Miyar laimar kwaɗi da zoɓo

Matar da nake wa aiki a Dubai ba ta cin nama. Idan ta dawo daga ofis, laimar kwaɗi take soyawa da albasa, ta tsiyaya jar giya, ta rufe tukunya. Ƙamshin ya hana ni sakat. Laimar kwaɗi fa, wadda muke shura da damina a bayan gidanmu!

Giya kam ba zan taɓa ba. Na sayo zoɓo a kasuwar Naif, na jiƙa, na zuba maimakonta, na ƙara daddawa. Faranti biyu na share.

Da na ba Inna labari a waya, sai ta ce, "Har Dubai kika je ki ci abin da akuyarmu ta raina?"