Ƙurajen Saiwar Wake da Abin da Yaya Sabi'u Ya Bari

Shekara bakwai ke nan da muka kai wana, Malam Sabi'u, makwancinsa. Malamin kimiyyar noma ne a wata sakandare da ke wajen Kawo, gidansa a Badarawa, gonarsa kuma can bayan Rigachikun. Ni ƙaninsa ma'aikacin ofis ne, ba na son laka ta taɓa mini takalmi, amma bai taɓa fasa ja na gonar nan duk Asabar ba.

Rigimarsa da mutane a kan harawa take. Idan kaka ta yi, kowa tuge wake yake har saiwa, a ɗaure a kai wa masu kiwon raguna. Shi kuwa ya ce sai dai a sa lauje a yanke daga tushe, a bar saiwa a ƙasa. 'Yan ƙwadago ba sa son wannan, don ya fi cin baya. Na tuna wani Bazamfare da ya miƙe ya riƙe ƙugu ya ce, "Malam, ita saiwar haya take biyanka ne?" Yaya ya ce, "Ƙwarai kuwa, kuma ba ta taɓa latti ba."

Gaskiya ya faɗa. Iskar da muke shaƙa cike take da sinadarin naitirojin, wanda shi ne ke sa ganyen masara ya yi kore shar. Amma shuka ba ta iya ɗaukarsa kai tsaye daga iska. Akwai wasu ƙananan halittu a cikin ƙasa, ido ba ya ganinsu, da ke shiga saiwar wake da ta gyaɗa su tayar da 'yan ƙuraje su zauna ciki. Su ke kama sinadarin daga iskar da ke ratsa ƙasa, su mayar da shi abin da shuka za ta iya ci, ita kuma ta ciyar da su daga abincin da ganyenta ke haɗawa. Masara da dawa ba su da waɗannan baƙi, sai dai su ci abin da aka bari bayan saiwar ta ruɓe. Bai taɓa cika baki a kan haka ba. Yakan ce wannan ba ya hana sa taki, ragi kawai yake yi, kuma wanda ya kwashe harawa kakaf ya tafi da mafi yawan amfanin.

A lokacin ana yi masa kallon mai neman wahala, don buhun yuriya bai gagari kowa ba. Yau da takin zamani ya zama sai wane da wane, ina jin mutanen da suka yi masa dariya suna tambayar juna yadda ake haɗa wake da masara a kunya ɗaya. Na san shi, da yana nan ba zai ce ai na faɗa muku ba. Wuce gaba zai yi yana murmushi, murmushin da ya fi faɗar maganar ciwo.

Tun rasuwarsa, matarsa, Yaya Balaraba, ke riƙe da gonar, kuma daga nan ita da 'ya'yansu ke ci. A daminar bana ne aka kira ni da gaggawa. Ganyen wake ya koma ruwan ɗorawa a ɓangaren kwari, masu aiki suka tuge guda suka ga saiwa cike da ƙuraje. Maƙwabcin gona, dattijo ne mai son mu da alheri, ya ce irin cutar da ta cinye masa tumatir bara ce, tsutsar ƙasa mai kumbura saiwa, don haka a tuge waken duka a ƙone kafin ta bi gona. Ba ƙarya yake ba, cutar akwai ta, ni ma na ga tumatirin. Na riƙe saiwar nan ina juyawa, na san akwai ƙuraje na alheri, amma ban san yadda ake raba su da na cuta ba. Waken shekara guda na marayu yana hannuna, ga masu aiki tsaye suna jira in ce a fara. Wallahi tsoro ya kama ni.

Muna cikin haka Yaya Balaraba ta sauko daga a-daidaita. Ta karɓi saiwar, ta murza ƙurji ɗaya da babban yatsa, ya faɗo tafin hannunta. Ta sa farce ta tsaga shi, cikinsa jaja-jaja kamar ɗanyen nama. Ta miƙa wa dattijon cikin ladabi ta ce, "Baba, duba. Na cuta saiwar ce da kanta ke kumbura, ba ya ɓantarewa haka. Wannan lafiyarsa lau, jan nan alamar yana aiki ne. Ruwa ne ya kwanta wa waken, a buɗe masa hanya." Aka buɗe, waken ya farfaɗo, yanzu haka yana cikin buhuna a ɗakinta.

Wannan ya sa ba na fargabar cewa aikin Yaya zai ɓace. Allon da ya yi rubutu a kai an goge shi tuntuni, ɗalibansa sun watsu cikin duniya, amma abin da ya sani yana aiki a wuraren da shi kansa bai lissafa ba. A ranar nan, a hanyarmu ta komawa Badarawa, na tambaye ta yaushe ya koya mata wannan. Ta yi dariya, sannan ta juyar da kai wajen titi.

"Ina fa ya koya mini," in ji ta. "Kafin ya tafi makaranta, a kaina yake gwada darasinsa ina suyar ƙosai. Sau nawa na ce wa yayan nan naka ya tashi ya ba ni wuri. Da na san bai da sauran kwana da yawa, da na bar shi ya ƙarasa."

Allah Ya jiƙan Malam Sabi'u, Ya sa ƙasar da yake ciki ta yi masa taushi.