Wayar da Ke Yi wa Mushe Karatu

Jiya a kasuwar Madarumfa na ji wata waya tana karanta saƙo da muryar inji, sai na tsaya ina saurare. Da irin wannan manhajar tsohon malaminmu na lakwal, wato makarantar boko, wanda muke kira Mushe da Faransanci, ya ci gaba da koyarwa bayan ciwon suga ya cinye masa idanu.

Ganina da shi na ƙarshe, yana kwance a zaure, warin magani ya cika wurin. Ya manna wayarsa a kunne, tana karanto masa aikin da ɗalibai suka turo.

Na ce, "Mushe, ku huta mana."

Ya ce, "'Yata, in na aje ta, duhu kaɗai zai rage mini."

Bayan kwana uku ya rasu. Har aka dawo daga maƙabarta saƙonnin ɗalibai suna ta shigowa.

Allah Ya jiƙan sa, Ya haskaka makwancinsa.