Jakar da Kaka ta ɗinka mini

A gidanmu na tsohon gari, a Agadas, ba a fara gatana sai an sauke tukunya. Kaka takan ja tabarma kusa da murhu, mu zagaye ta. A shekarun fari itace ya yi wuya, kashin raƙumi muke hurawa, hayaƙi na cin idonmu, amma ba wanda ke tashi.

Shekarar da nake aji uku a lakwal, wato makarantar boko, babanmu ya tafi Arlit neman aiki, danginmu na ƙauyen Dabaga da ke aiko mana da albasa rijiyarsu ta ƙafe. Sojoji na rabon hatsi a bakin kasuwa, amma Kaka ta ce ba za a gan ta a layi ba. Da magariba take lulluɓa ta fita, ta dawo da buhu a ƙarƙashin mayafi. Tuwon ya koma baƙi, yana ƙaiƙayi a maƙogwaro. Ba mu tambaya ba.

Da komawa lakwal ta matso, Kaka ta tsaya kan dabara. Ta yayyago fararen shafuka daga tsofaffin kaye, littattafan rubutun yayana, ta ɗinke su. Ta ce jaka kuwa ba za a saya ba tana da basilla. Ta wanke buhun nan, ta yanka, ta yi masa baki da guntun jar fata. Kaka ba ta san boko ba, sai ta sa rubutun buhun a waje, daidai tsakiya.

"Duba, Zainabu," ta ce, "jakar boko da rubutunta. 'Yar kumandan ma ba ta da irinta."

Na tafi ina taƙama. Na manta ajinmu ya iya karatu, ni kaina ban tsaya na haɗa baƙaƙen ba. Wani yaro mai suna Alhusseni ya haɗa mini su da ƙarfi: "Aliment bétail!" Abincin dabbobi. Aji ya ɗauki kukan akuya. Malaminmu, da muke kira Mushe, ya tsawata, amma na ga ya kawar da kai. Kunya ta rufe ni har na kasa ganin allo.

Da na koma gida na ajiye jakar gaban Kaka. Ta ce, "Me ya faru, 'yar nan?" Na fassara mata. Ta daɗe tana kallon rubutun. Abin da ta ɓoye a mayafi, ita da hannunta ta rataya mini shi na kai wa gari.

Ranar na ɗauka ba za a yi gatana ba. Sai ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan, mai kunne ya matso."

Wai da can zabuwa baƙa ce wuluk. Yunwa ta zo, tsuntsaye suka ce su ba sa cin ƙasan turmi, sai dai su mutu da girmansu. Zabuwa na da 'ya'ya, sai ta riƙa raɓawa inda mata ke daka, gari na zuba a bayanta ɗigo-ɗigo. Ta yi wanka, ya ƙi fita. Tsuntsaye suka yi ta dariya, suna cewa ga mai cin tsintuwa. Da ruwa ya sauka, masu dariyar ba su kai ba. 'Ya'yan zabuwa suka fito ras, kowanne da zanen uwarsa.

Na ce, "Kaka, ita ba ta ji kunya ba?"

"Ta ji mana. Ba ki ga har yau da gudu take tafiya ba?"

Da safe na tarar ta juya jakar, rubutun ya koma ciki. Da ita na gama lakwal. Duk sa'ad da na buɗe ta, ni kaɗai nake karantawa.

Kaka ta daɗe da rasuwa. Yanzu duk komawa lakwal ina shiga kasuwa da 'ya'yana, in saya musu jaka mai tsada ko da zan rage cefane, kuma na san ba don su nake yi ba. Na ba su gatana iri-iri, ban da ta zabuwa, don na san za su tambaye ni inda na samo ta. Sun san an yi fari. Ba su san me uwarsu ta ci ta rayu ba, kuma kunyar ɓoye musu da nake yi ta fi ta ajin Mushe nauyi.