Ayuba Mai Maida Duwatsu

Da hantsi, idan mutanen ƙauyensu da ke kusa da Korgom sun nufi gonakin gyaɗa, Ayuba kan hau tudun marmara da sandarsa. Gonarsa ce, sai dai rabinta ba ya nomuwa. Zagaye-zagayen duwatsu ne a kanta, gindin ɗakuna da shingen wasu mutane da ko kakanni ba su san sunansu ba. Yakan kori awaki, ya cire saiwar da ke ture dutse, ya karkata layin shukarsa don ya kauce wa ƙofar wanda ya daɗe da daina amsa sallama.

Tun da aka samu 'yanci, kowane taƙi na ƙasa sai an tambaye shi gyaɗar da zai bayar. Wani ofis ya taɓa aiko da allo da Faransanci, wai wurin na tarihi ne. Gara ce kaɗai ta kula shi.

Bara waccan, gab da damina, kurkunu ta kwantar da Ayuba. Maƙwabta suka yi masa gayya. Mutanen kirki ne. Suka share gonar tas, suka kwashe duwatsun suka tara a gefe, yadda ake yi wa kowa.

"Mun hutasshe ka," in ji Iliyasu, sarkin noma. "Bana har bisa tudu za ka ci gyaɗa."

"Allah shi saka, Sarki. Wa ya aike ku?"

Matarsa Biba ta ga hadari na haɗuwa a gabas. Kowane dutse ya bar gurbinsa a ƙasa, ruwan farko kuwa zai shafe guraben. Ta ɗora mijin kan jaki. Tana ɗauko duwatsu a ka, shi yana zaune da kumburarriyar ƙafa yana gwada dutse da gurbi. Iliyasu ya gaji da kallo, ya tuɓe riga, ya kira jama'a su maida duwatsun, yana cewa:

"Ban taɓa ganin gayyar da aka warware ba sai taka, ɗan rigima."

Ruwa ya sauko saura zagaye guda, ya shafe gurabensa. Har yau tulin duwatsun wannan zagaye na gefe, don Ayuba ya ƙi ƙaga masa wuri.

Kai ne maƙwabcin waɗanda ba su iya godiya, Ayuba. Bana gwiwa ta hana ka hawa tudu, sai Biba ke zuwa. Mun gode muku a madadin masu gidajen. Wanda duk ya tarar da zagayen duwatsu a gonarsa, ya kewaye shi yadda kuka yi. Kafin kuma ku taimaki mutum, ku tambaye shi.