Jaririyar Anti Tela Ta Ƙi Yin Shiru

Duk layin an san Anti Tela. Shagonta ɗan mitsitsi ne, keken ɗinki biyu da madubi mai tsage a gefe, amma hannu gare ta. Kallo ɗaya za ta yi miki ta yanka yadi, riga ta zauna miki ɗas. Ga baki kamar reza: ki kawo mata ƙorafi, ke za ki koma kina ba ta haƙuri.

Abin da layi bai sani ba shi ne kwalbar da ke cikin akwatin zare. Wani mugun tari ne ya taɓa kama ta, surukarta Hajiya ta sayo mata maganin tari mai kodin. Tari ya tafi, kwalba ta zauna. Da farko cokali ɗaya ne, saboda ciwon baya. Cokali ya daina yi mata, ta koma kafa kai. Daga baya ma ba daɗi take nema ba; in ba ta sha ba, zare ba ya shiga allura. Da ta samu ciki, rantsuwar dainawa kam ta sha ta, Allah kaɗai ya san sau nawa.

To yau ga ta a ɗakin masu jego na asibiti, da hantsi, jaririyarta ta ƙi yin shiru. Kuka ne siriri mai tsini. Ta kama nono ta saki, ta yi atishawa, ta yi hamma, 'yan ƙafafun na karkarwa. Tsoro ya cika Anti Tela fal, don ta san wannan hammar. Ita ma tun safe take yin ta, hanci na zuba, ƙasusuwa kamar an yi mata duka.

"Rigimar uwarta ta ɗebo," in ji Hajiya daga kan kujera, amma dariyar ba ta fito ba.

Sista ta shigo, wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya mai tabarau. Ta gwada zafin jikin yarinyar, ta miƙar da hannunta ta ji ya ƙage. Sai ta juyo ta leƙa idon uwar.

"Mai jego, miƙo hannayenki."

Ta miƙa. Yatsun suka hau rawa, ta kasa tsayar da su.

"Akwai abin da kike sha kullum? Na tari, ko na barci?"

"Ni? Babu, Sista."

"Haba!" Hajiya ta karɓe. "Wannan ko lemo sai an matsa mata."

"Nan ba kotu ba ce," in ji Sista, murya ƙasa-ƙasa. "In jikin jaririyar ya saba da wani abu tun tana ciki, yanzu ya yanke mata, mun san abin yi. In babu, sai mu nemi cutar a wani wuri, har a soka mata allura a gadon baya a ɗebi ruwa. Muna can muna nema, tana iya fara jijjiga."

Innalillahi! Anti Tela ta kalli jaririyar. In ta yi magana Hajiya ta ji, maigida ya ji, ƙila a raba ta da 'yarta. In ta yi shiru, allura. Ita da ta ƙare rayuwarta da allura, ta san yadda take shiga yadi mai laushi.

Jaririyar ta gantsare, kukan ya sarƙe. Anti Tela ta jawo jaka, ta tura hannu ƙarƙashin 'yan rigunan da ta ɗinka da kanta, ta fito da kwalbar. Babu ko ɗigo a ciki.

Sista ba ta ko ɗaga gira ba. Nawa a rana? Tun yaushe? Yaushe na ƙarshe? Ta ji amsa, ta naɗe jaririyar tam a zani, ta nufi wurin likita da sauri. "Ke ma zan dawo kanki, kada ki motsa."

Anti Tela ta runtse ido tana jiran ihun Hajiya.  Da ta buɗe, sai ta ga tsohuwar tana jujjuya kwalbar.

"Irin wadda na sayo miki ce?"

"Ita ce, Hajiya."

Hajiya ta lallaɓa ta zauna a bakin gadon. Babu wadda ta kalli wata, kunnensu duka yana can ƙarshen baranda, inda siririn kukan bai tsaya ba.